Ranar da Na Goya Ɗan Fari

Ku 'ya'yana, akwai labarin da kuke ba juna duk ranar da salla ta tara ku a gidan nan, kuna dariya har da riƙe ciki, wai ranar da Mama ta sace Yaya daga ɗakin Kaka. Ina jin ku daga tsakar gida, ban taɓa tanka muku ba. Dariyar ba ta dame ni ba, ni ma wani lokacin takan kuɓuce mini. Abin da ya dame ni shi ne wutsiyar da kuka ƙara wa labarin, cewa kakarku Inna Kulu ta kusa kashe yayanku da jiƙo da askar wanzami, ni kuma na zo na cece shi. To ba haka aka yi ba. Inna Kulu tana kabarinta, ba ta da bakin kare kanta, ni kuwa da sauran numfashina. Don haka ku natsu ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta fi kowa laifi a ciki.

Daga Birnin Kebbi aka kawo ni Argungu, daga gidan allo da tawada zuwa gidan shinkafa da albasa. Na tarar da uwar babanku ita ce komai a gidan, don mijinta ya rasu tun kafin a yi maganar aurena. Gajera ce, ga murya, in ta yi magana a ƙofar ɗakinta sai an ji a zaure. Na yi wata guda ina tsoronta kafin in gane faɗanta a baki kawai yake. In ta gama yi mini faɗa a kan miya, ita ce za ta aiko mini da ƙosai a rufe. Da cikina ya tsufa aka mai da ni gidanmu goyon ciki, a can na haifi namiji, aka sa masa sunan kakansa, wato mijin Inna Kulu.

Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari hoto tun bai buɗe ido ba, dole sai na yi muku bayani. A zamaninmu, kuma a irin gidajenmu, uwa ba ta kula ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta goya shi a gaban mutane. Nono ma sai an yi mata faɗa take ba shi, tana kau da kai kamar an sa ta dole. Wadda ta fi iya wannan kunyar ita ake yabo, a ce 'yar gidan mutunci ce. Ni kuwa ina son a yabe ni, ba zan ɓoye muku ba. Kwana biyu da haihuwa wata gwaggota ta kama ni ina leƙen fuskar jaririn, ta tafa hannu ta kira matan da suka zo barka su zo su ga ikon Allah, aka wuni ana yi mini tsiya. Daga ranar na rantse ba za a sake kama ni ba.

Kashegari, bayan na ba shi nono, ya yi tumbuɗi a kan zanen da ke cinyata. Na saba ganin tumbuɗin jarirai a gidanmu, fari ne kamar kindirmo. Wannan kore ne, kamar ruwan ganyen zogale da aka kirɓa. Ɗakin cike yake da mata, mahaifiyata tana bakin ƙofa, kalma ɗaya kawai zan faɗa ta juyo. Amma in na ce ku duba abin da ya amayar, ai na tona wa kaina asiri cewa idona na kansa. Sai na naɗe zanen na tura ƙarƙashin katifa, da na shiga wankan jego na wanke shi da kaina. Ya sake yi kafin suna, ya sake yi kafin arba'in, duka biyun na wanke na yi shiru. Daga nan abin ya lafa, na ce wa kaina dama ba komai ba ne.

Da aka yaye shi, Inna Kulu ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, kamar yadda kowa ya san za a yi. Tsakanin ƙofarta da tawa bai fi taku goma ba, amma daga ranar ya zama nata. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, kamar yadda ya ji ƙannen babanku suna kirana. Ita ma ba ta iya faɗin sunansa, tunda sunan mijinta ne, sai ta riƙa ce masa Maigida. Kullum da safe sai ka ji su.

"Maigida, ina cehwanena? Hakanga aka riƙon mata, a tashi a bar su da yunwa?"

"Na sake ki, Inna, kin cika ci."

"To ka ba ni takardata, in tai gidanmu!"

Ina daga bakin murhu ina jin su, in sunkuyar da kai in yi ta hura wutar da ta riga ta kama, don kada a ga ina murmushi. In zan aike shi sai in ce kai, ko yaron ga. Son da nake yi masa kuwa a sace nake yin shi. In na raba miya, tsakiyar kifi ita nake turawa ƙasan kwanon da za a kai ɗakin Inna, in rufe da tuwo. Ta sani sarai, don wata rana ta ce a gabana, tana kallon wani wuri, wai kifin gidan ga duk ya koyi nitso a kwano guda.

Ciwon cikin ya fara ne yana ɗan shekara uku. Sai ya yi wata biyu ko uku lafiya lau, yana guje-gujensa, rana ɗaya sai ya dunƙule yana ihu, ya yi amai, kafin yamma kuma ya miƙe ya nemi fura. Inna ta ce tsutsa ce. Babu abin da baiwar Allahn nan ba ta yi ba. Ta jiƙa sabara, ta ba shi jar kanwa, ta taka da ƙafarta har garin Gulma wurin wata tsohuwa mai magani, ta dawo ƙafafu a kumbure. Da abin ya ƙi, aka kira wanzamin gidan ya yi masa tsaga ƙanana a gefen cibiya, tana riƙe da shi a cinyarta, yana kuka tana kuka. Kuma duk lokacin da aka yi, ciwon yakan tafi, don dama zai tafi da kansa, sai kowa ya ce an dace da magani. Ni ba na shiga ɗakin in ciwon ya tashi, ai ba ya kamata. Aman kuma tana rufe shi da toka ta share kafin kowa ya gani, don ita mace ce mai tsabta. Kun ga yadda abin ya kasance: ita ta san ciwon, ni na san koren, kuma shekara huɗu ba mu taɓa haɗa zancen ba.

Shekarar da ya cika bakwai, lokacin cirar albasa, babanku ya fita fadama tun da asuba da duk mazan gidan. Ina tsakar gida ina turara shinkafa sai ihun ya fara. Na ci gaba da aikina, kunnena yana can. Amma na ranar daban ne. A da ihu yake yi yana hutawa, ranar babu hutu, kuma da hantsi ya yi sai ihun ya mutu, ya koma nishi. Wannan shirun ya fi ihun tayar mini da hankali. Na ji Inna ta aika a kira wanzami. Can sai ta fito da tasa a hannu za ta zubar a rariya, don toka ta ƙare mata, ta bi ta gabana. Na ɗaga kai na ga abin da ke ciki. Wallahi shi ne, koren nan na zanena, sai dai ya fi duhu.

Ban san lokacin da na saki muciya ba. Na shige ɗakin surukata ko sallama babu, abin da ban taɓa yi ba. Yana kwance a kan tabarma, leɓensa a bushe, idanu sun faɗa, cikin ya kumbura ya yi tauri har tabon tsagar ya miƙe. Na ciccibe shi na ɗora a baya, na jawo zanen Inna da ke kan igiya na ɗaure.

"Ke! Mi kika yi hakanga? Kin haukace?"

"Asibiti za ni da shi, Inna."

"Aje min shi! Wanzami shina tahe. Ke ko kunya ba ki ji?"

"Na ji ta shekara bakwai, Inna, ta ishe ni."

Ni kaina na yi mamakin bakina. Na fita, tsakar rana, unguwa cike da mutane, ga ni goye da ɗan fari, ɗan shekara bakwai, ƙafafunsa suna dukan bayan gwiwata. Mata suka riƙa leƙowa ta katanga, wata ta yi salati, wata ta kira sunana ban waiwaya ba. Abin da na fi tunawa shi ne rashin nauyinsa. Ban taɓa sanin haka ya rame ba, don ban taɓa ɗaukarsa ba tun da aka yaye shi. A bayana kuma ga Inna Kulu tana tafe tana faɗa, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi a karkace, tasar nan har yanzu tana hannunta ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Wannan wurin ne kuke yi wa dariya, kuma na yarda abin dariya ne.

A asibitin gari mai yankan kati maƙwabcinmu ne, ya rubuta komai ba tare da ya tambaye mu ba. Ma'aikacin da ya taɓa cikin bai ɓata lokaci ba, ya sa masa ƙarin ruwa, ya ba mu takarda, ya ce wannan sai Birnin Kebbi, kuma yanzu. Aka samo mana mota, na bar saƙo a kai wa babanku fadama. Duk tsawon hanya yaron yana cinyata, Inna tana riƙe da ledar ruwan a sama.

A babban asibitin babu wanda ya san mu. Na sake goya shi, muka tsaya a gaban wata ma'aikaciya mai biro a hannu.

"Sunan yaro?"

Na dubi Inna, Inna ta dube ni.

"Maigida," in ji Inna.

"Mama, sunansa na yanka nake tambaya."

Ku dubi wannan hali. Mata biyu, babu wanda ya kai mu son yaron nan a duniya, ga shi yana mutuwa a bayana, kuma a cikinmu babu mai iya faɗin sunansa. Ita sunan mijinta ne da ta yi shekara arba'in ba ta furta ba. Ni sunan ɗan farina ne, kuma sunan surukina, a gaban surukata. Ma'aikaciyar ta fara buga biro a kan tebur, layi ya taru a bayanmu. Na buɗe baki.

"Usmanu," na ce. Bai fito sosai ba, sai na maimaita da ƙarfi. "Sunan shi Usmanu."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa kansa yana kife a kafaɗata, na ɗauka ba ya jin komai.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, bai kai babanku shekaru ba. Ya taɓa cikin, ya dubi tabon tsagar, ya tambayi wace ce take riƙon yaron. Inna ta ba shi labarin ciwon tiryan-tiryan, har da watannin da ya fi tashi. Sai idonsa ya kai kan tasar da ke hannunta, ya karɓa ya duba, fuskarsa ta canza, ya mayar mata. Ya ce tun yaushe yake irin wannan aman, yana jariri fa, ya taɓa yi? Inna ta ce ita sai bayan yaye ta karɓe shi. Suka juyo gare ni su biyu. A nan na faɗi zancen zanen, sau ukun duka, da yadda na wanke na ɓoye.

Bayan an ɗauki hoton cikin, ya kira mu ya yi mana bayani. Ya ce babu tsutsa, babu sammu, da abin aka haife shi. Hanjin kowane mutum yana da mazauninsa tun yana cikin uwa, a shimfiɗe, a kafe. Na Usmanu bai gama zama ba, yana reto ne a kan ɗan siririn abu, shi ya sa yake murɗewa ya warware, ya murɗe ya warware. Ya ɗauki tawul ya murɗa kamar mai matse wanki, ya ce yau ya murɗe haka ya ƙi saki, jini ba ya kai wa hanjin, in aka jira har gobe hanjin zai mutu, yaron ya bi shi. Sai an yi aiki, kuma sai wani ya sa hannu.

"Ba a buɗe min cikin miji uban shi bai nan," in ji Inna. "A jira shi."

"Mama, ba mu da lokacin jira. Wace ce mahaifiyarsa?"

"Ni ce," na ce. "Ni na haihe shi."

Na dangwala yatsa a tawada na danna a takardar, don lokacin ban iya boko ba. Ina dannawa na san in bai fito da rai ba, ba ni da sauran zama a Argungu, kuma ko an bar ni ba zan iya haɗa ido da babanku ba. Aka tura shi a gado mai taya, ƙofa ta rufe.

Muka zauna a gindin wata darbejiya, tabarma ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya. Muka yi azahar, muka yi la'asar. Sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Kin gani, kinka yi shiru shekara bakwai."

"Kunya nij ji, Inna."

"Ni ko ina ta sa a yanka shi da aska."

Na juyo na ga hawaye yana bin fuskarta. Na ce ta yafe mini. Ta murza bakin tasar da yatsa.

"Da kin hwaɗi lokacin, ni ce ta hwarko da za ta ce an kawo muna marar kunya. Uban shi ma ɗan hwarina ne. Ya yi ƙyanda kamar shi mutu, ina ɗaki ina jin kukan shi, ban hito ba." Ta share fuska da bakin mayafi. "Matso nan, rana na dukanki."

Babanku ya iso gab da magariba, ƙafafu duk laka, yana warin albasa. Na tashi zan yi masa bayani, Inna ta riga ni. Ta ce ita ta ce a kawo shi, ita ta ce a sa hannu, in yana da magana ya yi da ita. Ƙarya ta yi, Allah ya yafe mata, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta janye ba. Ba a jima ba likitan ya fito. Ya ce sun warware hanjin sun gyara masa zama, amma wani sashe ya riga ya mutu, sun yanke kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Babanku ya tambaya ko da an zo da wuri da ba a yanke ba. Likitan ya ce da an gano tun yana jariri, da gyara kawai za a yi. Bai dube ni ba da ya faɗa, amma ni na san da wa ake.

To kun ji dalilin da ya sa yayanku bai taɓa yin ƙiba ba, kuke tsokanarsa wai loma uku ce cinsa. Wannan kamu guda na hanjin, ni na jawo masa, ba kakarku ba. A unguwa kuwa na sha magana. An yi shekaru ana ce mini Mai-goyon-fari, akwai gidajen da in na shiga barka sai a janye amare daga kusa da ni kada in lalata su. Wata ta taɓa yi mini habaici a wurin suna, Inna Kulu ta miƙe ta wanke ta tas a gaban jama'a, har sai da aka ba ta haƙuri. Da aka sallame mu, ɗakinta ya koma, ban karɓe shi ba, kuma ban taɓa tunanin karɓa ba, nata ne. Abin da ya canza shi ne na riƙa shiga ɗakin duk lokacin da na ga dama. Ku kuma matan 'ya'yana, yanzu kun san abin da ya sa nake zuwa in tsaya a kanku ranar haihuwa ina cewa ku buɗe zane ku duba, ku faɗa mini launin abin da kuka gani.

Amma bari in koma asibiti, don akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ma mai abin ban sani ba ko yana tunawa. Kashegarin aikin da safe, Inna ta fita alwala, babanku ya tafi gidanmu ya sanar da su. Ni kaɗai ce a bakin gadon. Ga roba a hancinsa, ga ƙarin ruwa a hannu, ciki a naɗe da bandeji. Na duba hagu da dama babu wanda ya san ni, sai na ɗora hannuna a goshinsa. Ya buɗe ido a hankali, ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi. Na ɗauka ruwa zai nema, an kuwa hana a ba shi. Na sunkuya na kai kunne bakinsa.

"Yaya," ya ce, "ashe kin san sunana?"

Na kifa kaina a gefen katifar, na yi ta faɗinsa, Usmanu, Usmanu, har Inna Kulu ta dawo ta same ni a haka, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shigo ba.